Darasi: Rufin da Ba Ya Cin Azara

Duk wanda ya taɓa tayar da ɗaki a Tasawa ko Mayahi ya san ba bango ke cinye kuɗi ba. Ƙasa tana nan a kududdufi, samari su kwaɓa, su buga bulo, rana ta busar kyauta. Sai gini ya kai inda za a rufe maigida yake soma lissafi: azara nawa, kwano nawa, ƙusa, katako, ladan mai amalanke. Shi ya sa da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga kangon da ya shekara biyu ko uku a tsaye ba, damina tana cin kansa, mai shi yana jiran kaka mai albarka ko saƙon ɗan da ya tafi ci-rani.

A wannan darasi za mu karanta tarihin wata ƙungiyar masana gini mai suna Development Workshop, wadda ta shigo Nijar a 1980 da dabarar rufe ɗaki da bulon ƙasa zalla, ba itace, ba kwano, ba ƙarfe. Za mu ga inda ta samo dabarar, yadda ruwan samanmu ya tilasta mata gyara ta, da hanyar da ta bi har ta girma. Daga nan mu dawo gida mu auna abin da ƙasarmu za ta iya ɗauka.

Yadda azara ta yi wuya

Rufin soro kowa ya san shi. A jera azara bango zuwa bango, a shimfiɗa ƙirare ko kara, a bi da zana ko tabarma, sannan a zuba ƙasa a daddaɓe. Ƙarfin rufin duka yana ga azarar. Wadda magina suka fi so ita ce ta giginya, don gara ba ta cika samun sa'arta ba, amma giginya ba ta yawaita a wajenmu ba, daga nesa ake kawo ta. Abin da Allah ya ba mu a nan goruba ce. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, ya daɗe da daina gudu sai dai ruwa ya kwanta nan da can da damina, amma goruba ta same shi wurin zama, ita ce ta rufe ɗakunan kakanninmu.

Sai farin 1973 zuwa 1974 ya zo, na 1984 ya biyo baya. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka gangara cikin gulbi, masu saƙar tabarma da igiya suna yankan kaba tun tana ƙasa, ba a bari ta miƙe ta zama itace. Yau za ka ga kaba birjik, amma gorubar da ta isa azara kaɗan ce, ita ma ba a sare ta sai da iznin ma'aikatan gandun daji. Sassaben zamani, da aka soma a jahar Maraɗi tun 1983, ya mayar da itatuwa cikin gonaki, wannan ba mai musu. Sai dai gawo da kalgo da sabara ba su ba da doguwar azara mai jure gara. Mutane suka koma dogon yaro da turare, gara kuwa ta shiga ta cinye cikinsu, ba a farga ba sai ranar da rufi ya lotsa.

Mai hali ya sa kwano. Kwano ya raba mutum da yoyo, amma duk wanda ya wuni ƙarƙashinsa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ya san kuɗinsa ba su sayo masa barcin rana ba. Ga kuma iskar farkon damina, wadda saboda ita ake jera duwatsu da tsofaffin tayoyi bisa rufi.

Masu ilimin gini, ko a jami'a suka koya ko a bayan ubangidansu, tambaya uku suke yi wa kowane ɗaki. Nauyi ta ina zai bi ya sauka ƙasa? Ruwa ta ina zai bi ya fita? Zafi yaushe yake shiga, yaushe yake fita? Maginanmu sun daɗe da waɗannan tambayoyi. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 da bakan gizo da tulluwa. Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini a garin Yama cikin jahar Tawa, ya soma masallacin garinsu a 1962, ya sāke masa rufi a 1975, ya ƙara hasumiyoyi huɗu, har aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Amma bakan gizon Hausa, duk kyansa, itace ne a cikinsa: ana ɗaura azara gaɓa-gaɓa, kowace tana ɗan leƙowa gaban ta ƙasanta, sannan a lulluɓe da ƙasa. In azara ta yi wuya, shi ma ya yi wuya.

Daga bakin Nilu zuwa Cikal

A kudancin Masar, ƙasar Nubiyawa, itace ya fi namu wuya tun zamanin Fir'auna. Mutanen can suka ƙware wajen rufe ɗaki da bulon ƙasa kaɗai. Kusa da garin Luksor akwai rumbunan da aka rufe haka sama da shekara 3,000, wasunsu suna tsaye har yau. A shekarun 1940 wani masanin gine-gine ɗan Masar, Hassan Fathi, wanda ya rayu daga 1900 zuwa 1989, ya ɗauko maginan Nubiyawa daga wajen Aswan, ya gina wani sabon ƙauye da ake kira Sabuwar Gurna. Ginin ya yi kyau, duniya ta yaba. Mutanen da aka gina wa kuwa yawancinsu suka ƙi tashi daga tsohon garinsu, aikin ya tsaya bai kammala ba. Ku riƙe wannan, don za mu sāke cin karo da irinsa.

Wasu samari uku da suka yi karatun gine-gine a Landan, John Norton ɗan Ingila, Allan Cain ɗan Kanada da Farokh Afshar ɗan Iran, suka je suka zauna da Fathi suna koyo. Su ne suka kafa Development Workshop a 1973. Aikinsu na farko bai wuce awo ba: su shiga tsofaffin gidaje a Masar da Oman da na'urorin auna zafi da iska, dare da rana, su rubuta yadda ɗakin ƙasa yake da yadda na siminti yake. Abin da tsofaffi suke faɗa da baki, su suka mai da shi lamba a takarda. Daga nan suka shekara da dama a yankin Luristan na Iran suna koya wa maginan ƙauye aiki, har juyin juya halin 1979 ya tashe su.

A 1980 wata ƙungiya ta Kanada da ke gudanar da shirin Tapis Vert a Cikal, ƙasar Kurfai kusa da Filinge, ta gayyace su. Matsalar can irin tamu ce, azara ta yi tsada, gari yana cin dajinsa. Ginin farko da suka yi tare da maginan garin na ajin yaƙi da jahilci ne, irin wannan da kuke zaune ciki kuna karatu. Bayan baƙin sun tafi, wasu daga cikin maginan da suka yi aikin suka ci gaba da yi wa mutane ɗakuna masu tulluwa da kansu. Abin bai zama baƙo ƙwarai ga hannunsu ba, tunda mutanen yammacin ƙasar Hausa sun saba gina rufewa ta laka mai ƙaton ciki wadda ba itace a jikinta.

Yadda ake ɗora rufin

Rufin iri biyu ne, dogon baka da tulluwa.

Mu fara da baka. Ana tayar da bango biyu dogaye masu kauri, sai a ƙara wa bangon ƙurya tsayi. A jikin wannan bangon ƙurya magini yake zana siffar bakan, kuma ba yadda ransa ya so ba. Ku kafa ƙusa biyu, ku rataya igiyar guga tsakaninsu ta yi ciki, ku dubi lanƙwasar da ta yi don kanta, sannan ku kifa wannan siffa sama ta koma ƙasa. Ita ce hanyar da nauyi yake son bi. Bulon rufi dabam yake da na bango: ƙarami ne, siriri, mara nauyi, an yawaita masa ƙaiƙayi, tun yana ɗanye an ja yatsu a fuskarsa don laka ta samu wurin kamawa. Magini zai shafa laka, ya manna bulo ɗaya ko biyu a gindin bakan hagu da dama, ba a tsaye cak ba, a jingine da bangon ƙurya. Layi na biyu ya ɗan fi na farko tsawo, na uku ya fi na biyu, har a kai layin da hagu da dama za su haɗu a tsakiya. Daga nan kowane layi yana kwance a ƙirjin wanda ya gabace shi. Ga mutum tsaye cikin ɗaki, bulo bisa kansa, ba gwafa, ba katako, ba abin da ya tokare, bai kuwa faɗo ba. Magini yana manna bulo ya buga shi da tafin hannu, ya cusa ƴan tsakuwa ko ɓaraguzan tukwane inda bakin bulo biyu ya buɗe ta waje. An ja igiyoyi daga wannan ƙurya zuwa waccan don kada bakan ya karkace yana tafiya.

Tulluwa kuwa turke ake kafawa daidai tsakiyar ɗaki, a sa masa sanda mai juyawa. Bakin sandar shi ke nuna inda kowane bulo zai zauna da yadda zai karkata. Ana zagayawa da'ira bayan da'ira, kowace in ta haɗe ta kulle kanta. Development Workshop ta ƙera wannan ma'auni da ƙarfe, yadda maginin da bai gaji sana'ar ba zai iya fitar da siffar daidai.

Me ya hana rufin faɗuwa? Ƙasa busasshiya tana da ƙarfi in an danne ta, ba ta da shi in an ja ta ko an lanƙwasa. A cikin baka kowane bulo matse yake tsakanin maƙwabtansa, nauyi yana bi ta jikinsu yana gangarawa. Amma in ya iso gindin bakan ba ƙasa kaɗai yake turawa ba, yana tura bango waje. A nan hatsarin yake. Dalilin ke nan bangon yake da kauri, faɗin ɗakin yake da iyaka, ba a huda babbar taga ko ƙofa kusa da kusurwa, kuma in ɗakuna biyu suna jere kowanne yana tokare ɗan'uwansa. Maginin da ya kalli aikin sau ɗaya ya ce ya iya, ya rage kaurin bango don bulo ya isa, ya ƙara wa ɗaki faɗi don maigida ya ji daɗi, kabari yake gina wa mutane. Ɗakin da faɗinsa da tsawonsa mita 4 ne, in ƙasar da ke kansa ta kai kaurin santimita 20, nauyinta ya haura tan 5.

Abin da ruwa ya koya musu

A Luksor ana iya shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Nan kuwa hadari ɗaya na watan Agusta yana iya zubar da milimita 50 kafin a gama tuƙa tuwo. Ga lissafin da ya kamata kowa ya iya: milimita 1 na ruwan sama bisa fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Rufin ɗaki mai mita 4 da mita 4 yana da murabba'in mita 16. In an yi milimita 50, lita 800 suka sauka a kansa, wato tano huɗu na lita 200. Duk wannan ruwa dole ya samu hanya ya bar rufin nan take.

Saboda haka ba a ɗauko dabarar Masar aka dasa yadda take ba. Kwarin da ke tsakanin baka da bango, ko tsakanin tulluwa biyu, aka riƙa cike shi da ƙasa a daddaɓe, a yi masa gangare zuwa indararo. Indararon ma mai faɗi, mai tsawo, wanda zai jefa ruwa nesa da gindin bango. Aka ƙarfafa yadda ake sarƙa bulon bango, aka matsa wa magina kan tushe: a haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, kada a yi gini a kwari ko inda ruwa yake kwana. A ganina wannan shi ne babban aikin da ƙungiyar ta yi. Kawo dabara daga wata ƙasa ba wuya. Komawa bayan damina a hau rufi, a dubi inda ya tsage, a tambayi matar gida ta ina ya yi yoyo, a gyara koyarwa kafin rani mai zuwa, wannan shi ne aikin da ƴan kwangila da yawa ba su yi.

Akwai abu biyu game da ruwa da suka shafi kowane ginin ƙasa, da azara ko babu. Na farko, bango ta ƙafa yake mutuwa. Ruwan indararo da ke fantsama, ruwan wanka da ke bin gindin katanga, rariyar da ta toshe, su ke jiƙa ƙasan bango har ya zaizaye, nauyin sama ya rasa mazauni. Dakali ko ƴar gangara ta ƙasa a gindin bango tana ƙara masa shekaru. Na biyu, yaɓen siminti bisa bangon ƙasa yaudara ne in ba a yi shi da sani ba. Siminti da ƙasa ba tare suke motsi ba in zafi da sanyi sun sauya. Sai yaɓen ya rabu da bango ta ciki, ruwa ya shiga ta ƴar tsaga, ya rasa hanyar bushewa, ƙasa ta narke a ɓoye alhali waje sumul. Ku ƙwanƙwasa irin wannan bango, in kun ji yana amsawa kamar ba kome a bayansa, to aiki ya lalace. Yaɓen ƙasa da makuba, ko laso na katsi da gashin jima da dafara, yana son a sabunta shi, amma lahaninsa a fili yake, ido yana gani. Daminar 2024 ta rusa gidaje masu yawa a jahar Maraɗi, a farkon watan Satumba kuma tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe bayan ruwa mai yawa. Ginin ƙasa yana son a hau kansa kafin ruwan fari, a sāke hawa bayansa.

Zafi kuma fa? Bango da rufi masu kauri suna shan zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i da yawa yake ratsowa ciki. Shi ya sa da azahar ɗakin ƙasa yake da sanyi, da hunturu kuma yake da ɗumi da dare. Amma a faɗi gaskiya, a daren bazara yana amayo zafin da ya sha, sai an yi masa ƴan tagogi biyu masu fuskantar juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa, iska ta ratsa.

Yadda ƙungiyar ta girma

A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyoyin kare muhalli na duniya, IUCN da WWF, suna aikin gandun Azbin da Tenere, wanda gwamnati ta kafa a 1988. Ba zai yiwu masu hana saran goruba su rufe ofishinsu da goruba ba. Aka gina ofisoshinsu a Iferwan da wannan dabara, maginan garin suka koya, masu gida suka gani suka nema. Daga 1993 ƙasar Danmak ta sa kuɗi aka buɗe babban shirin gini ba itace, wanda ya kai Mali da Burkina Faso da Muritaniya. A 1998 shirin ya ci kyautar duniya ta mazauni, World Habitat.

Abin lura shi ne irin girman da ta yi. Kamfanin gini yakan ƙirga girmansa da motoci da yawan kwangila. Wannan kuwa da magina take ƙirga nata. Da rani, lokacin da ba aikin gona, ake tara magina a yi musu horo na kusan wata biyu. Makonnin farko a fili suke gina ƙananan bakuna da tulluwa, su rushe, su sāke. Sauran makonnin a gidajen mutane na gaske: mai gida ya kawo bulo da ruwa da leburori, shiri ya kawo magina da mai duba su. Ta haka ɗalibi ya samu inda zai gwada hannunsa, gari kuma ya samu ɗakin da za a shiga a taɓa, tunda gani ya kori ji. Wanda ya nuna ƙwazo a sāke kiransa wata shekara ya koyi manyan gine-gine da karanta zane da fitar da farashi, daga cikinsu a zaɓi masu koyarwa. A ƙarshe ƴan ƙasa ne suke koya wa ƴan ƙasa, har suka kafa ƙungiyarsu ta gini ba itace ta Nijar, wadda ake taƙaita sunanta ANCSB.

Ita kanta uwar ƙungiyar rassa ta yi. John Norton ya zauna a Lauzerte, wani ƙaramin gari a kudancin Faransa, yana kula da aikin Sahel, daga baya da na Biyetnam, inda matsalar ba azara ba ce, guguwar teku ce mai yaye rufi. Aikin can ma ya ci kyautar World Habitat a 2008. Allan Cain ya tafi Angola a 1981, ya zauna cikin shekarun yaƙi yana aikin ruwa da mazauni a unguwannin talakawan Luwanda. A shekarar 2000 kuma wata ƙungiya dabam, La Voûte Nubienne, ta taso a Boromo ta Burkina Faso, wadda wani magini Bafaranshe, Thomas Granier, da wani manomi ɗan ƙasar, Séri Youlou, suka kafa. Su baka kaɗai suka riƙe, mai faɗin mita 3 da ɗan kai, don koyonsa ya yi sauƙi.

To, in dabarar tana da kyau haka, me ya sa bayan shekara 40 da ɗoriya ba ta cika garuruwanmu ba? Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Akwai tsoro: mutum ya ɗaga kai ya ga ƙasa zalla bisa ƴaƴansa, sai ya ga ɗakin ya ci damina biyu ko uku kafin hankalinsa ya kwanta. Ginin yana cin bulo da ruwa fiye da soron da aka saba, inda rijiya take da zurfi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ladan ƙwararren magini ya fi na gama-gari. Horon kuma da kuɗin waje aka yi shi, da kuɗin suka janye sai ya ja baya. Sannan ga abin da ya kayar da Sabuwar Gurna, wato ran mutane. Wanda ya dawo daga Libiya ko Legas da ƴan kuɗinsa so yake a hango kwanonsa yana ƙyalli daga bakin gari. A idon mutane da yawa ƙasa ta talaka ce, ko da ta fi sanyi.

Wata hanyar kuma

Wannan matsala ta ƙarshe wata ƴar Nijar ta tunkara ta wata fuska. Mariam Issoufou Kamara ta fara da aikin kwamfuta a Amurka, ta bar shi ta koma karatun gine-gine, ta kafa kamfaninta, Atelier Masomi, a Yamai a 2014. Kamfani ne na kasuwa, mai aiki ya biya a yi masa. Bulonta na jar ƙasa ne da ɗan siminti kaɗan, a matse da inji, ya fito da kaifin baki kamar an yanka. Da shi ita da abokan aikinta suka gina gidajen Niamey 2000 a 2016. A Dandaji cikin jahar Tawa, tare da Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka mai da tsohon masallacin gari ɗakin karatu, suka gina sabo babba kusa da shi, aka gama a 2018, da maginan garin cikin aikin. Ginin ya ci kyautar duniya a waccan shekara. Yau kamfanin yana ɗauke da sunan mai shi, yana aiki har Laberiya da Senegal, ita kuma tana koyarwa a babbar jami'ar fasaha ta Zurik.

Talakan Kornaka ko na Urafan ba zai iya ɗaukar irin wannan kamfani ba, kuma injin matsa bulo ba a kowane gari yake ba. Amfaninsa gare mu ta wata hanya ne: in alhajin birni ya gina gidan ƙasa da kuɗinsa yana alfahari, kunyar ginin ƙasa ta ragu a ƙauye.

Ƙasarmu za ta yi?

Ba ko'ina ba. Yawancin ƙasar Mayahi da arewacin Tasawa jigawa ce, rairayi ya fi yawa, bulonsa da ka murza sai ya zube. Ƙasar gini tana wajen fadamu da bakin tabkuna da cikin gulbi, ita ma wani wuri laka ta yi mata yawa har bulo ya tsattsage in ya bushe, sai an sirka da yashi da ƙaiƙayi. Kafin a yi maganar rufi, a gwada ƙasar.

Ku samu kwalba fara, ku zuba ƙasa ta kai kashi ɗaya cikin uku, ku cika da ruwa, ku girgiza sosai, ku ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta nan da nan, garin ƙasa mai laushi ya biyo bayan sa'o'i, laka kuwa sai ta kwana ko ta fi. Washegari za ku ga hawa-hawa, ku auna kaurin kowanne. Sannan ku kwaɓa wata, ku mulmula ta tsakanin tafin hannu ta yi kaurin babban yatsa, ku riƙa turo ta gaba daga bakin hannu tana reto. In ta karye tun ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, yashi ya yi yawa. In ta zarce tsawon tafin hannu ba ta karye ba, laka ta yi yawa. Gwaji na ƙarshe, ku buga bulo uku ko huɗu, su bushe sarai, ku saki ɗaya daga tsayin ƙugu bisa ƙasa mai tauri. Nagari gefensa kaɗai zai ɓantare, ko ya rabu biyu. Wanda ya watse gari ba a ɗora masa rufi.

In ƙasa ta yi, saura magini. Ku tambaye shi inda ya koya, ku ce ya kai ku ɗakin da ya rufe wanda ya ci damina uku, ku shiga ku dubi kusurwoyi da saman ƙofa ko akwai tsaga, ku yi magana da masu kwana ciki ba a gabansa ba.

Tambayoyi da aikin gida

1. Da bakinka, bayyana bambancin bakan gizon Hausa da bakan Nubiyawa. Wanne ne yake tura bango waje, kuma me ake yi don kada bangon ya buɗe?

2. Zauren wani tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 3. An yi ruwa milimita 40. Lita nawa suka sauka bisa rufin? Tano nawa ke nan na lita 200?

3. Ku kasu gida biyu a aji. Kashi ɗaya su kare rufin kwano, ɗaya su kare rufin ƙasa, kowa ya kawo farashin kasuwar garinku na wannan mako da abin da gyara zai ci cikin shekara 10. Mata su faɗi nasu dabam, tunda su suka fi wuni a ɗaka.

4. Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya zagaya gidansa ya dubi inda ruwan indararo yake faɗa da inda ruwan wanka yake bi. Ya zo da ƙasar kududdufin unguwarsu cikin kwalba, an girgiza ta kwana, da sunan wurin a rubuce a jikin kwalbar.